Yadda Muka Yi wa Ƙungiyarmu ta Karatu Rajista a Jami'a, Har Muka Kai Ɗalibai Ziyara Birnin Kano

Tun da na kammala digiri ƙannenmu da ke makaranta suke ta turo min saƙo suna tambayar hanyar da ake bi a kafa ƙungiyar ɗalibai da hukumar jami'a ta yarda da ita, da yadda ake samun izinin taro ko na fita ziyarar ilimi. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda tamu ta kasance daki-daki. Ni ce sakatariyar ƙungiyar ta farko, kusan duk wata takarda ta hannuna ta bi. Jami'armu ta gwamnatin tarayya ce a Arewa maso Yamma. Kowace jami'a da nata tsarin, amma daga hirar da na yi da ƙawayena na wasu makarantu, ofisoshin da ake bi da abubuwan da ake nema kusan iri ɗaya ne.

Abin ya faro ne bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba. Da muka dawo, an matse zangon karatu don a cike giɓin wata takwas. Mu 'yan aji uku mun riga mun san dawan garin, amma 'yan aji ɗaya abin tausayi ne. Yaro ya fito daga sakandaren gwamnati inda malami ke yin bayani da Turanci ya maimaita da Hausa, yau an zuba shi cikin ɗakin lacca da ɗaruruwan mutane, malami na can gaba da lasifikar da wani lokaci ba ta aiki, kuma an ce jarrabawa ta kusa. Lissafi da fiziks da kemistiri su ne suka fi kayar da su. Wasu 'yan mata 'yan garinmu suka fara zuwa ɗakina a hostal da littattafansu, daga nan muka koma gindin wata dalbejiya bayan la'asar, maza abokan karatunmu biyu suka shigo suna taimakawa, kafin mu ankara mutane sun fi ƙarfin inuwar. Sai muka koma wani aji da ba kowa bayan magariba. Nan ne wani jami'in tsaro ya same mu, ya yi sallama cikin mutunci, ya tambayi takardarmu ta izini. Ba mu da ita. Ya ce min, "'Yata, ni na ga karatu kuke yi, amma doka ba ta duba fuska. Duk taron da ba shi da rajista, a wurinmu abin bincike ne, saboda ƙungiyoyin asiri. Ku je ofishin kula da harkokin ɗalibai ku yi abin da ya kamata." Raina bai so ba a lokacin, amma maganarsa gaskiya ce, kuma ita ta sa mu a hanya.

Ofishin kula da harkokin ɗalibai shi ne ƙofar komai. Shi ke riƙe da hostal, da ƙungiyar ɗalibai ta jami'a baki ɗaya, da ƙungiyoyin addini irin su MSSN ta ɗalibai Musulmi da na ɗalibai Kiristoci, da na 'yan jiha da 'yan ƙaramar hukuma, da na sassa. Shugabansa shi ne Din na ɗalibai, amma ba wurinsa za ka fara ba. Akwai jami'in da ke kula da ƙungiyoyi, shi ne naka. Mun ɗan sha yawo kafin mu gane haka, domin wani ya tura mu ofishin magatakarda, wani ya ce tsangayarmu za mu je. Wani dattijo masinja ne ya raba mu da wahalar. Na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah wa ke karɓar takardar sabuwar ƙungiya?" Ya tashi da kansa ya raka mu har ƙofar. Jami'in ya buɗe littafin dokokin ɗalibai, wanda aka raba mana tun muna aji ɗaya, ya nuna mana shafin. Ana son wasiƙar neman rajista zuwa ga Din, da kundin tsarin mulkin ƙungiya, da sunayen shugabanni tare da lambar rajistarsu da sashensu da sa hannunsu, da kwafin katin shaida da hoton fasfo na kowannensu, da sakamakon jarrabawarsu na baya-bayan nan, da jerin membobi, da tsarin ayyukan shekara, da wasiƙar amincewar uban ƙungiya, wato malamin da zai tsaya mata, da rasit na kuɗin rajista. Sharaɗin sakamakon jarrabawa ya taɓa mu, domin ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari yana da kwas ɗin da zai maimaita, kuma dokar ba ta yarda mai irin wannan matsala ya riƙe muƙami ba. Ya haƙura ya zama memba kawai, kuma har muka gama shi ne ya fi kowa koyarwa.

Neman uban ƙungiya ya fi komai cin lokaci, kuma shi ya fi komai muhimmanci. A wurinmu dole ne ya zama babban malami mai aikin dindindin, domin idan wani abu ya faru shi za a fara kira. Saboda haka malamai ba sa saurin karɓa. Na farko da muka nema ya ce yana da ƙungiyoyi biyu a hannu, ba zai ƙara ba. Na biyu ya ce mu dawo bayan jarrabawa. Na ukun wani Dakta ne da ya koyar da mu kemistiri a aji biyu, mutum mai tsanani wanda ɗalibai ke kauce wa ofishinsa. Shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman alfarma ne." Ya saurare mu bai katse mu ba, sannan ya yi tambaya ɗaya: za mu karɓi kuɗi a hannun yaran da muke koyarwa? Muka ce a'a. Ya ce to in haka ne ya yarda, amma da sharaɗin duk takardar da za ta fita da sunan ƙungiya sai ya gani, kuma ranar da ya ji an sayar da takardar darasi ko an yi wa wani alkawarin maki, ranar zai janye sunansa. Na fito daga ofishin nan ina jin kamar an sauke min kaya.

Kundin tsarin mulki mun aro na wata ƙungiyar sashe muka duba fasalinsa, muka rubuta namu. Dakta ya dawo mana da shi ja-wur da jan biro. Gyare-gyarensa su ne suka cece mu daga baya. Ya sa muka rubuta ƙarara cewa ƙofa a buɗe take ga kowane ɗalibi ba tare da duba addini ko ƙabila ko jiha ba, cewa ƙungiyar ba ta da alaƙa da kowace jam'iyyar siyasa, cewa ba a fitar da ko kwabo sai da sa hannun shugaba da ma'aji da sanin uban ƙungiya, cewa za a yi zaɓe kowace shekara kafin jarrabawar zango na biyu. Batun siyasa ba wasa ba ne a lokacin, domin zaɓen 2023 ya ƙarato, kuma har an fara aiko mana cewa wani ɗan takara zai buga mana riguna in za mu sa hotonsa. Mun yi muhawara mai zafi a kan kuɗin memba. Wasu na ganin a sa da yawa don a yi abin gani, ni da ma'aji muka dage a kan naira 500 a zango, kuma ga masu koyarwa da shugabanni kaɗai, ban da 'yan aji ɗaya. Dakta ya goyi bayanmu, ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ƙungiyar ɗalibai kuɗi ne ke tsaga bangon.

Biyan kuɗin rajista shi ma yana da nasa matakan. Tun 2015 da gwamnatin tarayya ta tilasta amfani da asusun bai-ɗaya, jami'o'inta ba sa karɓar kuɗi a hannu. Za ka shiga Remita, shafin intanet da ake biyan kuɗin gwamnati ta cikinsa, ka zaɓi sunan jami'a da nau'in abin da za ka biya, ka ciro lambar biyan kuɗi da ake kira RRR, ka biya a banki ko da katin cirar kuɗi, ka buga rasit, sannan ka kai ofishin kuɗi na jami'a su tantance su buga hatimi. Rasit ɗin Remita shi kaɗai ba ya wadatarwa sai da wannan hatimin. A kula sosai wajen zaɓar nau'in biyan, domin na ga wata ƙungiya da mai shagon intanet ya zaɓar musu gurbin da ba shi ba, suka yi ta zarya kafin a gyara. Kuɗin kansa bai kai naira 10,000 ba, amma ya faɗo a lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira. Bankin cikin makaranta cike yake tun asuba, tura kuɗi ta waya na maƙalewa, mai hoto da mai kwafin takardu kuma suna son kuɗi a hannu. Da ƙananan canjin da kowa ya tono a jakarsa muka yi kwafe-kwafen.

Bayan mun miƙa fayil, aka tura shi ofishin tsaro. Aka kira mu shugabanni ɗaya bayan ɗaya. Gabana ya faɗi da na ga sunana a takardar gayyata, amma tambayoyin ba su da tsauri: daga ina kike, wa ya kawo shawarar ƙungiyar, ina za ku samu kuɗi, akwai wani daga wajen makaranta da ke da hannu a ciki? Abin da suke dubawa shi ne amsoshinmu su zo ɗaya da abin da ke cikin takarda. Daga nan sai jira. Muna cikin jiran aka ba da umarnin rufe jami'o'in ƙasar daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe. Muka tafi gida fayil na kan tebur. Da muka dawo azumi ya kama, kwamitin da ke duba ƙungiyoyi bai zauna ba. Wannan shi ne lokacin da ya fi min nauyi, domin yaran suna tare ni a hanya suna cewa, "Anti, yaushe za a ci gaba?" ni kuwa ba ni da amsa. Abin da ya taimaka shi ne ina leƙawa ofishin a kai a kai, in gaida Hajiyar da ke karɓar takardu, in tambayi inda fayil ya kwana. Ba na matsa mata, amma ta san fuskata. Ita ce ta gaya min ranar da kwamitin zai zauna, ta kuma lura cewa hoton ma'ajinmu ya ɓalle daga fom, muka maye shi kafin zaman. Bayan ƙaramar Sallah takardar amincewa ta fito, ta shekarar karatu ɗaya, da sharaɗin sabuntawa.

Da yawa suna zaton da an samu rajista an samu wurin taro. Ba haka ba ne. Ɗakunan lacca na tsangayoyi ne, kuma mai tsara jadawalin darussa na tsangaya shi ya san lokacin da kowanne yake a sake. Wasiƙa ta biyu ke nan, zuwa ga shugaban tsangaya, ta hannun uban ƙungiya, da kwafi ga ofishin harkokin ɗalibai da na tsaro. Mun nemi safiyar Asabar, kuma mun zaɓe ta ne da gangan. Juma'a akwai masallaci, Lahadi 'yan'uwanmu Kiristoci na coci, dare kuma bai dace da 'yan matan da ke zuwa daga cikin gari ba. Aka ba mu ɗakin kyauta, da sharaɗin mu share bayan mun gama, mu mayar da makulli ga mai kula da ginin mu sa hannu a littafinsa.

Asabar ta farko ba zan manta da ita ba. Mun liƙa sanarwa a allunan da aka yarda, bayan ofishin harkokin ɗalibai ya buga musu hatimi, domin duk wadda ba ta da hatimi yage ta ake yi. Muka kuma roƙi wakilan azuzuwa su tura a zaurukansu na WhatsApp. Ɗakin ya cika har wasu suna zaune a matakala. Tsarin da muka bi shi ne mai koyarwa ya yi bayani da Turanci kamar yadda za a tambaya a jarrabawa, in ya ga fuskoki sun yi shiru sai ya juya da Hausa, wani daga cikinmu kuma ya zauna da waɗanda ba sa jin Hausa a gefe. Wata yarinya da ta yi makonni ba ta taɓa ɗaga hannu a lacca ba ta fito gaban allo ta warware lissafi, hannunta na rawa, aka tafa mata. A ganina wannan zaman na Asabar shi ne ainihin ƙungiyar, sauran abubuwan duk a kansa suka tsaya. Daga baya mun ƙara muhawara sau ɗaya a wata, da zama na musamman a kan yadda ake lissafin CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi gaba ɗaya, da yadda ake rajistar kwasa-kwasai, abin da ke jefa sababbin ɗalibai da yawa cikin matsala ba tare da sun sani ba. Gayyato baƙo daga waje kuwa sai an ba da sunansa da taken jawabinsa tun da wuri an amince, don haka muka fi dogara da malaman cikin gida.

Ziyarar Kano ita ce ta fi kowane aiki yawan takardu, kuma na fahimci dalili, domin ɗaukar 'ya'yan mutane a hau titi da su amana ce babba. An nemi wasiƙa mai bayyana inda za a je da dalili da lokacin tashi da na dawowa, da sunan kowane matafiyi da lambar wayar wani nasa na kusa, da fom na amincewa da kowa zai sa wa hannu, da sunayen malaman da za su yi rakiya, namiji da mace. An hana tafiyar dare kwata-kwata. Mota daga sashen sufuri na jami'a ake nema, su ba da bas da direba, ƙungiya ta sayi mai ta biya alawus ɗin direba. Asibitin makaranta ya ba mu akwatin taimakon gaggawa bayan mun rubuta musu. Mun kuma aika wa gidan tarihi na Gidan Makama wasiƙa tun kafin ranar don su san da zuwanmu su tanadi mai yi mana bayani. Mun gama lissafin kuɗi tsaf, sai ga sanarwar cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin kwanaki. Lissafin ya rushe. Muka zauna muka soke rigunan da aka so bugawa, muka ce kowa ya zo da abincinsa, muka rage mota daga biyu zuwa ɗaya, muka ba 'yan aji ɗaya da suka fi halartar darasi fifiko. Wasu sun ji haushi, amma da muka karanta musu lissafin a fili suka fahimta. Sai batun iyaye. 'Yan mata da dama iyayensu maza sun ƙi da farko. Malamar da za ta raka mu ta karɓi lambobinsu ta kira su da kanta, ta gabatar da kanta, ta faɗi lokacin da za a dawo. Kusan dukansu suka amince.

Mun tashi bayan sallar asuba. Muka fara da Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yaran suka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903. Amma inda ziyarar ta yi armashi shi ne karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi a 1498. Marini ya tsoma ƙyalle a ruwan baba ya ɗago shi, ya fito da launi mai ɗan kore-kore, muna kallo iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Dakta ya tsayar da kowa ya ce wa zai bayyana abin da ya faru. Wani yaro ɗan aji ɗaya ya ce iskar oksijin ce ta haɗu da sinadarin baban, shi ya sa ake tsomawa ana ɗagowa sau da yawa kafin launin ya kama. Marinin ya yi murmushi ya ce su dai sun gada cewa rini sai ya sha iska, ya kuma nuna musu tokar da ake zubawa a ramin. Darasin da muka yi ta fama da shi a allo ya zauna a kan yaran nan a tsaye a bakin rami. Muka leƙa wurin masu bugu, muka hau Dutsen Dala muka hango birnin, muka yi azahar, Kasuwar Kurmi kuwa lokaci bai bari mun shiga ciki sosai ba domin malamar ta dage a kama hanya da rana. A kowane wuri sai na kira suna kafin mota ta tashi. Mun shiga makaranta kafin magariba, na je ofishin tsaro na sa hannu cewa kowa ya dawo.

Aiki bai ƙare da dawowa ba. Ana son rahoton tafiya da bayanin kuɗin da aka kashe tare da rasit, kuma a ƙarshen shekara ana son rahoton ayyuka gaba ɗaya da sunayen sababbin shugabanni kafin a sabunta rajista. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke mutuwa, domin waɗanda suka kafa su duk 'yan ajin ƙarshe ne, su tafi da takardun a jakarsu. Mu tun farko mun sa 'yan aji biyu a matsayin mataimaka, suka bi mu ofis-ofis suka san fuskoki.

Ga wanda zai bi wannan hanya, ka fara da littafin dokokin ɗalibai na makarantarku, sannan ka nemi uban ƙungiya kafin ka rubuta komai, kuma ka nemi wanda zai karanta takardunka da gaske ko da mai tsanani ne. Duk wasiƙar da za ka miƙa ka yi mata kwafi, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, domin da shi za ka bi sawun fayil. Ka duba kalandar makaranta ka miƙa takardunka a farkon zango, tun kafin jarrabawa ko hutu ko azumi su riske su a kan tebur. Ka girmama masinja da mai karɓar takardu da mai riƙe makulli, su ne suka san inda komai yake. A lissafin tafiya ka bar rarar kuɗi saboda farashin mai. Takardar amincewa ta asali da kundin tsarin mulki kuwa a ajiye su a ofishin uban ƙungiya, shugabanni su riƙe kwafi, domin lokacin sabuntawa asalin za a tambaya.